Yoga da Bangaskiyar Kirista: Abin da Uwa Mai Neman Salama Ya Kamata Ta Sani

 

Duk matar da ta taɓa shiga YouTube ko Facebook tana neman maganin ciwon baya, ko rashin barci, ko damuwar da ke zuwa bayan haihuwa, da wuya a ce ba a kawo mata bidiyon yoga ba. Wasu bidiyoyin ma an sa musu suna "yoga ta Kirista". Za ki ga mace a kan tabarma tana miƙe jiki a hankali, waƙar yabo tana tashi ƙasa-ƙasa, ana karanta aya, a ƙarshe a rufe da addu'a cikin sunan Yesu. Wata 'yar'uwa za ta gani ta ce ai wannan shi ne abin da take nema. Wata kuma za ta kashe wayar nan take, ta ce bautar gumaka ce aka sa mata rigar coci.

Yau da 'yan'uwa mata Kiristoci nake magana kai tsaye, amma 'yan'uwa Musulmi kada ku wuce, domin ku ma tambayar ta shafe ku. A shekarar 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yin yoga mai haɗe da maimaita kalmomin bauta, kuma dalilanta sun yi kama da na fastocin da ke adawa da ita. Maganar lafiyar jiki kuwa ta kowa ce.

Abin da nake so ki fita da shi guda ɗaya ne. A cikin bidiyon nan an cuɗa abubuwa uku wuri ɗaya: motsa jiki, sujada, da neman salama. Idan kika ware su, kika ba kowanne matsayinsa, shawarar za ta zo miki da sauƙi.

Daga ina yoga ta fito?

Yoga 'yar Indiya ce. Kalmar daga harshen Sanskrit take, tushenta kuma yana nufin haɗa abu biyu, kamar yadda karkiya ke haɗa shanun huɗa. Babban littafinta na dā, wanda ake danganta shi da wani malami mai suna Patanjali, ya haura shekara 1,500. Littafin ya kasa yoga mataki 8. Tsayuwa da zaman jiki su ne mataki na 3, sarrafa numfashi na 4, sauran kuwa tarbiyyar hali ne da zurfafa tunani, har mutum ya kai ga abin da suke ɗauka 'yantar da rai ne. Wato tun asali hanya ce ta ruhaniya a addinin Hindu da wasu addinan Indiya, motsa jiki ɗan yanki ne a cikinta.

Yogar da kike gani a waya ta fi wannan ƙuruciya nesa ba kusa ba. A 1893 wani malamin Hindu, Vivekananda, ya yi jawabi a taron addinai na duniya a birnin Shikago, daga nan sha'awar Amurkawa ga koyarwar Indiya ta ƙaru. A shekarun 1930 wani malami mai suna Krishnamacharya ya koyar a birnin Mysore, ɗalibansa ne kuma suka yaɗa salon jera motsi ɗaya bayan ɗaya zuwa Turai da Amurka. A can ne ta shiga gidajen motsa jiki da asibitoci. A watan Disamba 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya, bisa shawarar Firaministan Indiya Narendra Modi.

Don haka wadda ta ce miki yoga motsa jiki ce kawai ta faɗi rabin gaskiya, wadda ta ce tsafi ce zalla ita ma rabi ta faɗa. Ya danganta da wace yoga, a hannun wa. Ki sani kuma su kansu mabiya Hindu da yawa ba sa jin daɗin yadda ake raba yoga da addininsu. Wata ƙungiyarsu a Amurka, Hindu American Foundation, ta yi gangami wajen shekarar 2010 tana tunatar da mutane asalin abin.

Kiristoci ba su yi baki ɗaya ba

Wannan gardama ta girme mu. A 1956 wani ɗan zuhudu Bafaranshe da ke zaune a Beljiyam, Jean-Marie Déchanet, ya rubuta littafi yana cewa Kirista zai iya ɗaukar motsi da numfashin yoga domin ya kwantar da jikinsa kafin addu'a, ya bar aƙidar Hindu a inda ya same ta. A Amurka, cikin shekarun 2000, wata mata mai suna Brooke Boon ta kafa Holy Yoga a kan irin wannan tunani. A ƙasar dai, Laurette Willis, wadda ta yi yoga sama da shekara 20 kafin ta bar ta, ta ce ba za a iya wanke yoga daga asalinta ba. Sai ta kafa nata tsarin mai suna PraiseMoves, miƙe jiki tare da ayoyi, ta kuma ƙi kiransa yoga.

Shugabannin ikilisiya ma haka. A watan Yuni 2020 majalisar Cocin Otodoks ta ƙasar Girka ta ce yoga ba ta da gurbi a rayuwar Kirista ko kaɗan. Jihar Alabama ta Amurka ta hana yoga a makarantun gwamnati tun 1993, sai a 2021 ta ɗage hanin, da sharaɗin a tsaya kan miƙe jiki, ba rera kalmomin bauta, ba gaisuwar "namaste", kuma a kira kowane motsi da sunan Turanci.

Wadda ta fi taimaka mini wajen fahimtar lamarin ita ce wasiƙar da Fadar Batikan ta aika wa bishof-bishof na Katolika a 1989, da sa hannun Kadinal Ratzinger, wanda daga baya ya zama Fafaroma Benedict na 16. Wasiƙar ba ta ce a yi watsi da wata hanya don kawai ba Kiristoci ne suka ƙirƙiro ta ba. Amma ta ja kunne a kan abu ɗaya: wasu motsin jiki suna kawo jin sanyi, sakewa da ɗumi mai daɗi, kuma kuskure ne babba mutum ya ɗauki wannan a matsayin ta'aziyyar Ruhu Mai Tsarki. Ko ke ba 'yar Katolika ba ce, wannan gargaɗi ya cancanci ki riƙe shi, domin abin da na karanta a makarantar jinya ya yi daidai da shi.

Abin da ke faruwa a jikinki

Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan hankali ya tashi, numfashi yakan yi sauri ya tsaya a ƙirji, zuciya ta ƙara bugu, kafaɗu da wuya su sandare. Jiki ne ke shirin gudu ko faɗa, ko da abin da ya tayar da hankalin kuɗin makaranta ne ko zazzaɓin yaro. Idan kika rage numfashi zuwa kamar sau 6 a minti, kika sa fitarsa ya fi shigarsa tsawo, akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa zuciya da ciki, ita ce ke kai saƙon a sassauta. Bugun zuciya ya ragu, tsoka ta saki. Haka Allah ya gina jikin kowane ɗan Adam, Kirista ne, Musulmi ne, ko wanda bai yarda da komai ba.

Miƙe jiki ma yana da amfaninsa. Uwa tana goyo, tana sunkuyawa wajen wanki da shara, tana ɗaukar bokiti, ga shayarwa a zaune a karkace. Bayanta ne ke biyan bashin. A 2017 ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians ta sa yoga cikin abubuwan da ta ba da shawarar a gwada wa ciwon ƙugu mai daɗewa kafin a koma ga ƙwayoyi. A jerin nan akwai motsa jiki na yau da kullum ma. Ma'ana, bayanki ba ya tambayar sunan abin da kike yi, abin da yake so shi ne a motsa shi a hankali kuma a kai a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, har da masu ciki da masu jego idan babu wata matsala.

Wannan albishir ne ga matar da lamirinta bai yarda da yoga ba. Ba ki yi asarar komai ba. Tafiya da ɗan sauri, miƙe jiki irin wanda ake koyarwa a sashen gashi na asibiti, da numfashi a hankali za su ba ki abin da kike nema.

Natsuwar jiki daban, salama daban

Natsuwar da numfashi ke kawowa gaskiya ce, amma ta ɗan lokaci ce. Kina tashi daga tabarma bashin yana nan, maganar da surukarki ta faɗa tana nan. Salamar da Littafi Mai Tsarki ke magana a kanta ta fi haka faɗi. Ta ƙunshi sulhu da Allah, sulhu da maƙwabci, da zaman gida lafiya. A Matiyu sura 5 Yesu ya koyar cewa wanda ya kawo baiko ya tuna akwai tsaka tsakaninsa da ɗan'uwansa, ya fara zuwa su shirya tukuna. A wasiƙar Filibiyawa sura 4 Bulus ya haɗa salama da kai damuwa gaban Allah cikin addu'a da godiya, kuma daga kurkuku ya rubuta. Salama irin wannan kyauta ce, ba a lanƙwasa jiki a samo ta.

Sai dai jiki yana da nasa haƙƙin a cikin lamarin. Ki tuna annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19, lokacin da ya gudu jeji ya gaji har ya roƙi mutuwa. Abin da aka fara ba shi abinci ne da ruwa da barci, har sau biyu, kafin a zo ga magana. Kiristoci kuma sun daɗe da sanin cewa jiki yana taya addu'a: durƙuso, ɗaga hannu, azumi. 'Yan zuhudu na Dutsen Atos a Girka sun shafe ɗaruruwan shekaru suna haɗa gajeriyar addu'ar neman jinƙan Yesu da shigar numfashi da fitarsa. Ashe Kirista ba sai ya je aro ba kafin ya koyi yin shiru a gaban Allah.

To ga yadda nake ganinsa. Miƙe jiki da numfashi kamar share tsakar gida ne kafin baƙo ya iso. Sharar tana da kyau, amma ba ita ce baƙon ba. Uwar da ta kwantar da jikinta minti goma za ta iya yin addu'a ba tare da tunaninta ya tafi kasuwa ba, za ta kuma iya amsa wa yaro ba da tsawa ba. Wannan riba ce. Matsala tana farawa ne ranar da tabarma ta maye gurbin addu'a, ko taron masu bi, ko zuwa neman gafarar wadda kika ɓata wa.

Tambayoyi huɗu kafin ki bi kowane bidiyo

Matambayi ba ya ɓata. Kalli bidiyon daga farko har ƙarshe a zaune, kafin ki shimfiɗa tabarma, ki tambayi kanki:

1. Ana sa ni maimaita kalmar da ban san ma'anarta ba? Sautin "Om" da ake ja a farkon darasi abu ne mai tsarki a addinin Hindu. Bakinki kada ya furta abin da zuciyarki ba ta sani ba.

2. Wa ake rusuna wa? Akwai jerin motsi 12 da ake kira Surya Namaskar, ma'anarsa gaishe da rana, a wasu wurare kuma ana haɗa shi da kirarin rana. Masu koyarwa da yawa suna yinsa don ɗumama jiki kawai, amma gara ki san sunan abin da kike yi.

3. Me mai koyarwar ta yi alkawari? Idan ta ce bayanki zai saki, barcinki zai gyaru, wannan maganar jiki ce. Idan ta fara zancen buɗe wasu ƙofofin ƙarfi a kashin baya, ko tayar da wani iko da ke barci a cikinki, ko cewa ke da Allah abu ɗaya ne, ta shiga koyar da aƙida.

4. Ina ake kai tunanina? Addu'ar Kirista magana ce tsakanin 'ya da Ubanta. Ana yin shiru ne don a saurare shi.

Ra'ayina, a matsayina na ma'aikaciyar jinya mai bi: na yarda da miƙe jiki da numfashi, na bar rera kalmomi da gaishe da rana, kuma ba na kiran motsa jikina sujada. Amma ke ma kina da lamiri, kina da ikilisiya. Ki tattauna da mai gida, ki tambayi fastonku ko matar fasto. Ikilisiyar Korinti ta yi irin wannan gardama a kan naman da aka yanka wa gumaka ana sayarwa a kasuwa. A 1 Korintiyawa sura 8 da Romawa sura 14, Bulus ya nuna cewa wanda ya ci kada ya raina wanda bai ci ba, wanda bai ci ba kada ya hukunta wanda ya ci, wanda ke shakka ya bari, kuma kada 'yancin wani ya sa ɗan'uwansa tuntuɓe. Idan zuciyarki ba ta kwanta ba, ki bar shi, babu wanda ya taɓa samun salama ta hanyar danne lamirinsa. Idan kuma ta kwanta, ba sai kin kai shi taron Zumuntar Mata kina matsa wa wasu ba. Abin kunya ne a ce mata sun daina gaisawa a kan hanyar neman salama.

Minti goma a ɗakinki

Ga abin da kowace uwa za ta iya yi ba tare da bidiyo ko sayen komai ba. Tabarma ko bargo ya isa. Lokacin da ya fi shi ne da asuba kafin yara su tashi, ko bayan sun yi barci, kuma ba a kan cikakken ciki ba.

Ki zauna, bayanki a miƙe, hannu ɗaya a kan ciki. Ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, cikinki ya taso. Sake shi a hankali kina ƙirga shida. Ki yi haka minti uku. Idan kin ji jiri, ki koma numfashinki na kullum.

Sai ki juya kafaɗu baya sau goma, ki karkatar da kai dama da hagu a hankali. Daga nan ki yi rarrafe, tafin hannu da gwiwa a ƙasa. Ki tura bayanki sama kamar kyanwar da ta tashi daga barci, sannan ki sake shi ya sauko, sau takwas. Ki kwanta rigingine, ki jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji ki riƙe kina ƙirga ashirin, ki canza ƙafa. A ƙarshe ki matse tsokar da kike riƙe fitsari da ita, ki ƙirga biyar, ki saki, sau goma. Wannan na ƙarshe yana taimaka wa matan da fitsari ke ɗan zubo musu idan sun yi tari ko dariya bayan haihuwa.

Kin gama da jiki. Yanzu ki buɗe Littafinki ki yi addu'arki. Kowanne da lokacinsa, ba su cuɗe ba.

A kula: idan kina da ciki, ki fara tambaya a wurin awo. Bayan wata huɗu kada ki daɗe a kwance rigingine, kada ki murɗa ciki, kada ki yi motsa jiki a wuri mai zafi sosai. Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ta jira aƙalla mako shida da izinin likita. Mai hawan jini ko hawan jinin ido ta guji duk tsayuwar da kai ke komawa ƙasa, ta kuma guji riƙe numfashi. Ciwo mai suka alama ce ta a tsaya. Jiki magayi.

Lokacin da asibiti ake bukata

Wannan shi ne ya fi damuna. Muna ganin matan da suka ajiye maganin hawan jini saboda sun fara motsa jiki sun ji sauƙi, muna kuma ganin waɗanda aka ce musu damuwarsu ƙarancin bangaskiya ce, su ƙara azumi. Dukansu biyu a makare suke isowa. Hawan jini ba ya sallama. Idan awonki yana kai 140 bisa 90 ko sama, ki ci gaba da magani har sai likita ya ce a rage.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya kusa kashi 20. Kuka da saurin fushi a kwanakin farko na jego abu ne da aka saba gani, yakan wuce cikin mako biyu. Idan ya zarce haka, ba kya iya barci ko jariri ya yi barci, abinci ya fita ranki, ba kya jin jaririn a zuciyarki, to ciwo ne kuma yana da magani. Idan tunanin cutar da kanki ko jaririn ya zo miki, ki faɗa wa wani yau, a kai ki asibiti yau. Faɗuwar gaba da kasala kuma wani lokaci ƙarancin jini ne ko matsalar maƙoƙo, gwajin jini ne zai nuna. Mai ciki ko mai jego da ta ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinta ya dushe, ko fuska da hannu suka kumbura, kada ta tsaya jan numfashi, alamun jijjiga ke nan.

Zuwa asibiti ba gazawar bangaskiya ba ce. Luka, wanda ya rubuta ɗaya daga cikin bisharu huɗu, likita ne.

'Yar'uwa, ki ba jikinki haƙƙinsa na motsi da hutu, ki ba Allah sujadar da shi kaɗai ya cancanta, ciwo kuma ki kai shi inda ake maganinsa. Idan akwai wadda kuka kwana biyu ba ku gaisa ba, wayar da ke hannunki za ta iya kiranta kafin ki nemi wani bidiyo. Ina jiran jin yadda ake kallon wannan batu a ikilisiyarku da unguwarku, amma mu yi maganar cikin mutunta juna.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya ba gidajenmu salama, ya raya mana yaranmu.